Yatsa Biyu a Ƙarƙashin Fiffike

Bayan sallar asuba na isa tashar Unguwa Uku da jirgina naɗe cikin tsohon zanen gado. Ɗan kamasho ya ce a cusa shi a but tare da buhunan mutane, na ƙi, na biya kuɗin kujera biyu na rungume abina. Tsawon fiffikensa mita ɗaya da rabi ne. Da farin soson da ke zuwa cikin kwalin firji na yanka shi, na ƙarfafa shi da tsagin gora. Wata huɗu ina fama da shi a Kano, kuma duk jefawar da zan yi sai ya ɗaga hanci sama, ya tsaya cak kamar mai tunani, ya rikito. Wani abokina da ke koyarwa a Kaduna ne ya ce in zo ranar Asabar, akwai mutanen da ya kamata in gani.

Hazon hunturu ya rufe hanya har Kwanar Dangora. A Kwangila, da muka shiga Zariya, na leƙa ta taga ko zan hango ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da ke nan tun 1964, amma sama fari fat, ba komai. Muka wuce Jaji da Mararrabar Jos da Rigachikun, kafin hantsi ya dubi ludayi mun sauka a Kawo.

A wani zaure a Hayin Banki suke haɗuwa. Su takwas na tarar: ɗalibai, da mai gyaran waya, da wani tela wanda shi ke yanka musu ledar rufe fiffike saboda hannunsa ba ya karkacewa. A kan tabarma ga farfela, ga batura, ga gam, ga gawar jirage uku da suka sha ƙasa. Can gefe wani dattijo na zaune a kujerar roba, tabarau a kan hanci. Kowa Baba yake ce masa. Da ƙuruciyarsa yana cikin masu buga ƙusar ribit a jikin jirgin nan Air Beetle.

Labarin wannan jirgi ne ya fi daɗe mini a rai, domin da yawa daga ’yan Kaduna suna wuce sansanin sojan sama na Mando kullum ba su san shi ba. A nan garin, a tsohon filin jirgi, kamfanin AIEP ya harhaɗa shi, na farko ya tashi a 1989, kuma guda 60 rundunar sojan sama ta nema don koyar da sababbin matuƙa. Kujera biyu ne gefe da gefe, taya uku, inji ɗaya. To amma asalinsa fa? Wani Ba’amurke ne mai suna Richard VanGrunsven, a jihar Oregon, ya zana jirgin da ake kira RV-6A, kuma ba don sojoji ya zana shi ba. Don mutanen gari ya yi, likita ko manomi ko tsohon malamin makaranta, wanda zai sayi faranten alminiyum da takardun zane ya yi shekaru yana haɗawa a garejin gidansa bayan an tashi daga aiki. Jiragen wannan mutum da aka haɗa a gida suka tashi sun haura 10,000. Wato jirgin da matuƙan sojanmu da yawa suka fara riƙe sitiyarin sama a cikinsa ɗan gidan masu sha’awa ne irinmu. Sai daga ƙarshen 2016 aka fara kawo Super Mushshak daga Pakistan don wannan aiki.

Na gaida Baba, na kwance zanen. Bai tambaye ni komai ba. Ya sa yatsunsa manuniya biyu a ƙarƙashin fukafukan, wajen kashi ɗaya cikin uku daga gaba, ya ɗaga. Wutsiya ta yi ƙasa.

“Ɗana, nauyinka yana baya,” in ji shi. “Wanda hancinsa ya yi nauyi zai tashi da ƙyar. Wanda wutsiyarsa ta yi nauyi ba ya jin magana.”

Na ce, “Baba, wata huɗu ke nan ina canza fiffike.”

“Fiffikenka lafiya lau. Wa ka nuna wa?”

Ban nuna wa kowa ba. Ina ɓoye shi ne, ina jiran ranar da zai tashi in fito da shi a yi mamaki. Kuma na san ba ni kaɗai ba ne. Kusan duk shekara sai an ga wani matashi a Arewa ya haɗa wani abu mai fiffike, a ɗauke shi hoto, a yi ta yabo mako guda, daga nan shiru. A 2007 wani ɗalibin Jami’ar Bayero ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar Honda Civic da kujerun mota, har kafafen labaran duniya suka ɗauka, ko da yake tashinsa bai wuce ƙafa bakwai ba. Ni ina ganin girman wannan aiki ƙwarai. Abin da ke ci mini rai shi ne yaron da zai fara yau a Kurna ko Rigasa, daga tushe zai sake farawa, ya maimaita kurakuran da wani ya riga ya biya kuɗinsu. A Amurka masu wannan sha’awa sun kafa ƙungiyarsu ta EAA tun 1953, duk shekara suna taruwa a garin Oshkosh, kuma al’adarsu ce mai haɗa jirgi ya kira gogaggu su duba aikinsa kafin ya rufe fiffike. Hannunsu bai fi namu ba. Nuna wa juna suke yi.

Wanda ke shakkar hannunmu ya je Panteka. Bayan azahar abokina ya kai ni can, kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha, don neman siririyar sandar alminiyum. Ƙarar guduma da walƙiyar walda ba sa barin ka ji na kusa da kai. Na ga mutum ya dubi ɓallen injin da ya karye, ya juya shi sau biyu a tafin hannu, ya ƙera irinsa ba tare da takarda ba. Wannan baiwa ce, amma a harkar jirgi ita ce kuma haɗarin. Ƙofa ko injin markaɗe suna yafe kuskuren rabin inci. Sama ba ta yafewa. Baba ya ce a zamaninsu ko ƙusa ɗaya ta karkace sai an huda an cire ta, kuma wanda ya buga ba shi ke dubawa ba.

Shi ya sa littafin da na gani a zauren ya burge ni fiye da jiragen. Littafin makaranta ne mai shafi 80, duk ya yi maiƙo. Kowane jirgi da shafinsa: nauyinsa, tsawon fiffike, inda ma’aunin nauyi ya faɗa, yadda ya tashi, yadda ya faɗi, da abin da ake zaton ya jawo. Rabin shafukan labarin faɗuwa ne, kuma ba mai jin kunyar a karanta nasa. Wani ɗalibi cikinsu burinsa ya shiga cibiyar fasaha ta sojan sama da ke Mando, a sansanin da aka ƙaddamar da jirage marasa matuƙi, Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018. Ya ce ko sunayen kaɗai sun isa su sa mutum ya ji abin na gida ne.

Da la’asar sakaliya iska ta kwanta. Muka fita bayan gari, nesa da sansanin soja, don ba sa wasa da dokar tashin irin waɗannan abubuwa, kuma marasa inji kaɗai aka ɗauko. Mai gyaran waya ya manna noti biyu a cikin hancin jirgina. Baba ya sake ɗora shi a yatsa biyu, wannan karon ya tsaya daidai, hancin ya ɗan sunkuya kaɗan.

“Kada ka jefa shi sama. Miƙa shi gaba, kamar za ka ba wani.”

Na miƙa. Ya bar hannuna shiru, ya bi iska a miƙe, yana sauka a hankali kamar shirwa ta hango ɗan tsako, har ya goga cikinsa a kan busasshiyar ciyawa. Yara suka ruga. Telan ya bi yana ƙirga taku da ƙarfi, ya tsaya a 46.

Kafin magariba aka miƙo mini littafin da biro. Na buɗe sabon shafi, na rubuta kwanan wata da nauyin notin biyu, sannan na koma sama na fara da faɗuwar farko da ya yi a Kano.