Tsayuwa Kafin Naushi

A can gabas mai nisa, gaba da ƙasar Sin, akwai wata ƙasa ta tsibirai ana ce da ita Japan. Cikin tsibiranta akwai wani can kudu, sunansa Okinawa. A nan ne wasan karate ya samo asali. Ma'anar karate kuwa ita ce hannu ba makami, watau mutum ya kare kansa ba takobi, ba sanda.

A wannan tsibiri, cikin birnin Shuri, aka haifi wani yaro a shekarar 1868, aka sa masa suna Gichin Funakoshi. Ya tashi ramamme, mai yawan laulayi, har danginsa ba su sa ran zai yi tsawon kwana ba. Yana makaranta sai ya yi abota da ɗan wani gwanin karate mai suna Asato. Ta haka ya zama almajirin gwanin nan.

A zamanin nan ba a koyar da karate a fili. Sai dare ya yi Funakoshi ya kan ɗauki fitila, ya tafi gidan malaminsa, su fita tsakar gida. Abin da malamin ya nuna masa yau, shi zai maimaita gobe, shi zai maimaita jibi, har watanni su wuce ba a ƙara masa wani sabo ba. In ya gama, gumi na zuba, sai a ce ya sake. Yabo kuwa da wuya ya ji shi.

To, mene ne ake ta maimaitawa haka? Abu uku ne.

Na fari, tsayuwa. Akwai tsayuwar gaba: a miƙa ƙafa ɗaya gaba, a lanƙwasa gwiwarta, ta baya kuwa a miƙe, kamar kashi 6 cikin 10 na nauyin jiki yana kan ta gaba. Akwai tsayuwar baya, wadda a ke mayar da kashi 7 cikin 10 na nauyi kan ƙafar baya, domin a ji daɗin gocewa. Akwai kuma tsayuwar mahayin doki: a buɗe ƙafafu, a durƙusa kaɗan kamar mai zama kan sirdi, gadon baya a miƙe. Wannan ita ce mai wuya, gama kafin a jima cinyoyi sun soma rawa.

Na biyu, kariya. In naushi ya nufo fuska, sai a ɗaga hannu sama da goshi a ture shi. In ya nufo ƙirji, sai a kauda shi gefe, ko ta waje ko ta ciki. In hauri ne ya taho ta ƙasa, sai a share shi da hannu kamar mai kore kaza.

Na uku, naushi da hauri. Hannu ɗaya na fita, ɗayan na komowa ƙugu, kwankwaso kuma ya juya tare da su. Ƙarfin naushi ba daga hannu ya ke zuwa ba. Daga ƙasa ya ke tasowa, ya bi ƙafa, ya bi kwankwaso, kana ya isa hannu. Saboda haka wanda tsayuwarsa ba ta da kyau, naushinsa ba shi da nauyi, kuma ko yaro ya ture shi sai ya faɗi.

Sabon shiga ya kan koyi waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Amma in almajiri ya yi nisa kaɗan, tilas ya haɗa su: ya kare, ya yi naushi da ɗaya hannun, ya tako gaba, ya yi hauri, ya sauka daidai cikin tsayuwarsa ba tangaɗi. Irin wannan jeri da magabata suka tsara shi a ke kira kata. Mutanen Okinawa sun kan ce kata ɗaya shekara uku. A nan ne masu gajen haƙuri su kan gudu, don ɗokin farko ya wuce, gwaninta kuwa ba ta zo ba tukuna.

Funakoshi bai gudu ba. Ya kuma yi koyo wurin abokin malaminsa, Itosu, wanda ya shigar da karate makarantun Okinawa, ya tsara gajerun kata 5 domin yara. Laulayin nan ya rabu da Funakoshi, ya zama malamin makaranta, ya yi shekara wajen 30 yana koyarwa. A shekarar 1922 ya tafi Tokiyo, babban birnin Japan, ya nuna karate gaban jama'a. Aka roƙe shi ya zauna, ya kuwa zauna. Abin da ya fi gargaɗin almajiransa a kai shi ne ladabi, da kuma kada su zama su ne masu fara kai hannu. Shi ya sa in kun duba kata ta fari da a ke koya wa yara, za ku ga da kariya ta soma.

Yaron nan da aka ɗebe tsammanin rayuwarsa bai rasu ba sai a shekarar 1957, yana da shekara 88. Wasan da ya koya da dare a hasken fitila kuwa ya bazu ko'ina cikin duniya, har aka yi gasarsa a wasannin Olamfik na Tokiyo a shekarar 2021.

Yara, in malami ya ce ku sake jadawalin lissafi, ko ku sake rubuta layin da kuka rubuta jiya, ku tuna da Funakoshi a tsakar gidan Asato. Yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya.

Tambayoyi

1. A wane tsibiri karate ya samo asali?
2. Ku faɗi tsayuwa uku da a ke koya, ku gwada ɗaya.
3. Daga ina ƙarfin naushi ya ke tasowa?
4. Don me waɗansu almajirai su kan gudu bayan sun yi nisa kaɗan?