Mashin ɗinmu da doguwar tafiya: abin da littafin ƙungiya ya nuna mana

Daga sakataren ƙungiya



Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da cire tallafin man fetur, yadda muke zumunci a ƙungiyar nan ya canja. A da in an yi rasuwa a Katagum, ko ɗaurin aure a Gamawa ko Misau, karo-karo muke yi mu ɗauki shatar bas, mu je mu dawo kafin magariba. Lokacin lita ba ta kai naira 200 ba. Kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000, kuɗin shata ya bi ta. Sai ya zama ko dai mu daina zuwa, ko mu tura mutum biyu a madadin kowa, ko mu hau mashin. Mun zaɓi mashin. Yanzu in aka ce tafiya, bakwai ko takwas za ka gani sun jeru, kusan kowa da goyonsa.

Kuma ba mu yi da-na-sani ba. Wanda ya bi hanyar Gadau da sanyin safiya a ƙarshen damina, gero ya yi kai hagu da dama, ya san akwai daɗin da na cikin bas ba ya ji. Daga Azare zuwa garin Katagum, inda fadar masarautarmu take kafin a dawo da ita nan a zamanin Turawa, kimanin kilomita 70 ce. A tsakanin akwai ƙauyukan da muke da dangi, waɗanda direban shata ba zai taɓa yarda ya sauka daga titi ya shiga ba. Da mashin muna ratsewa mu gaida tsoho, mu sha fura, mu wuce. Ta wannan gefen zumunci ƙaruwa ma ya yi.

Sai dai akwai littafin asusun taimako, kuma a hannunmu yake. Duk kuɗin da ya fita mu muke rubuta dalilinsa. A da shafukansa haihuwa ne da rasuwa da gobara jefi-jefi. Yanzu wani layi ya shigo yana maimaita kansa: gudummawar jinya, faɗuwa da mashin. In muka je dubiya muka tambayi yadda abin ya faru, ba kasafai muke jin cewa mota ce ta ture mutum ba. Sarƙa ce ta zame, ko birki ya ƙi ci, ko taya ta yi faci ana cikin gudu da goyo. Ƙaddara gaskiya ce, ba mu ja ba, amma raƙumin da aka ce a ɗaure kafin a yi tawakkali, a wajenmu yau mashin ne.

A 2022 wani ɗan ƙasar nan, Kunle Adeyanju, ya taso daga Landan a kan mashin har Legas, wajen kwana 40, don wayar da kai kan cutar shan-inna. Matasanmu sun yi ta yaɗa hotunansa. Mashin ɗinsa Honda ne mai injin kusan cc 500, irin da aka ƙera musamman don cin dogon zango, da akwatunan kaya da kayan kariya tun daga kai har ƙafa. Namu Boxer ne da Jincheng da Haojue, cc 100 zuwa 125, da aka yi don zirga-zirgar gari da kai buhu kasuwa. Da su muke zuwa Bauchi ta Misau da Darazo, da su wasu ke zuwa Kano ta Jama'are, tafiyar wajen kilomita 200. Suna iyawa, mun gani da idonmu. Amma ƙaramin inji ba shi da rarar ƙarfi da zai rufe sakaci, duk abin da ka ƙi gyarawa a gida sai ya tare ka a daji.

Abin da ke ba mu haushi shi ne inda kuɗin gyara ke tafiya. Yaro zai samu dubu goma, ya fasa salansa don ta yi ƙara, ya cire madubai biyu wai sun ɓata wa mashin kyau, ya jera fitilu masu walƙiya, ya sa hon na tirela. Ka duba sarƙarsa, ta bushe ta yi ja, tana lilo har tana dukan murfinta.

To, mu tsaya kan sarƙar nan, don ita ce ta kwantar mana da mutum wata uku. Ɗaya daga cikin 'yan kwamitinmu, magidanci mai 'ya'ya shida, yana dawowa daga ta'aziyya da ƙaninsa a baya, sarƙa ta sauka daga faifanta ta maƙale, ƙafar baya ta tsaya cak ana cikin tafiya. Ƙanin ya tsira da ƙujewa, shi kuma ya karye a cinya. Shagonsa ya zauna a rufe har ya miƙe, kuma asusun ƙungiya bai iya ɗaukar ko rabin abin da aka kashe ba. Sarƙa tana miƙewa ne a hankali, yashi da ƙura suna cin mahaɗanta kamar magagari. In ka ɗaga ta da yatsa a tsakiya, wasan da za ta yi kada ya wuce santimita 2 zuwa 3. In ya wuce a ja ta. Amma kada a ɗaure ta tamau, musamman in za a yi goyo, don nauyi na sauka a kan kujera take ƙara ɗaurewa, sai ta ci ƙarfen da ke fitowa daga giya ko ta tsinke. Sai a duba faifai biyu masu haƙora da take hawa, ƙaramin na gaba da babban na baya. In haƙoran sun yi tsini sun karkata kamar ƙaya, sun gama aiki. Nan ne da yawanmu ke yin arha mai tsada: a sayi sabuwar sarƙa a ɗora kan tsohon faifai, cikin ɗan lokaci ya cinye ta. Ukun tare ake canja su. Akwai kuma dabarar cire ƙulli ɗaya ko biyu a gajarce sarƙar da ta gama miƙewa. Wannan na kai mutum gida ne in ya maƙale a hanya, ba na fita da shi Potiskum ba.

A kan faifan nan ne ma ake yin canjin da muke ganin yana da ma'ana, in an san abin da ake yi. Wasu na sa ƙaramin faifai a baya, ko su ƙara haƙori ɗaya a na gaba. A kan kwalta, irin babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, inji yana samun sauƙi, ba ya kuka sosai, mai ma yana ɗan raguwa. Amma abin da ka samu a gudu ka biya shi da ƙarfin ja. Ranar da ka sauka cikin yashin ƙasar Zaki ko Gamawa da mutum a bayanka da buhun tsaraba, sai ka ga mashin yana nishi, kana ta matsa kuloci har ya yi ƙauri. Wanda yawancin tafiyarsa ƙauye ce ya bar faifan yadda kamfani ya sa. Mun yi wannan musu a majalisa ba sau ɗaya ba, kuma har gobe masu zuwa Kano suna kan bakansu, masu zuwa ƙauye suna kan nasu. Kowa da gaskiyarsa, hanyarsu ce ba ɗaya ba.

Sai kariya. Maƙera masu walda suna ƙara mata tsawo, a ƙara wa kujera soso, a sa shokozoba biyu-biyu. Ƙarin shokozoba da wayoyin ƙafa masu kauri ba laifi ba ne. Matsalar ita ce duk kayan da ya zauna bayan ƙafar baya yana ɗage gaban mashin, kan ya yi sakayau ya riƙa rawa, a yashi kuwa sai ya ƙwace. Kaya mai nauyi a matso da shi kusa da bayan direba, ko a raba shi gefe da gefe.

Bakanikenmu, dattijon da ya fara aiki tun zamanin Vespa da Honda Benly, yakan ce yawancin injinan da ake kawo masa a buɗe ba tsufa ne ya kashe su ba, ƙura ce da tsohon bakin mai. Da hunturu filtar iska tana toshewa cikin 'yan makonni. Mashin ya fara shan mai, fulogi ya yi baƙi, sai wani ya ba ka shawara ka cire filtar gaba ɗaya don inji ya sha iska. Zai sha, tare da yashi, kuma yashin nan ringi da fistin yake ci. Mai soso wanke ta ake yi a shanya a ɗan shafa mai, mai takarda kuma canja ta ake yi. Bakin man da injinan nan ke ɗauka wajen lita ɗaya ne kacal, shi ne ke sa santsi, shi ne kuma ke taimaka wa iska wajen rage zafi, tunda ba su da lagireto. Ƙara sabo a kan tsoho ba juye ba ne. Kafin doguwar tafiya a juye, kuma a saya a inda aka sani, don jabu ya yi yawa a kasuwa. Man kwalba na bakin hanya ma, in dole ta sa, a tace shi da ƙyalle mai tsabta. Ɗigon ruwa ko datti a kafireta ya isa ya tsayar da ayari guda.

Birkin gaba kuwa, ba mu san wanda ya fara yaɗa cewa kayar da mutum yake yi ba. Har akwai masu kwance wayarsa. A kan kwalta shi ne ke yin mafi yawan aikin tsayarwa, don nauyi gaba yake komawa in an taka birki. A yashi ko tsakuwa ne ake sassauta masa. Wanda ke da na baya kaɗai, ranar da akuya ta gitta masa a Bulkachuwa zai gane.

Tafiyar kanta tana da nata ladabin da muka koya a hanya. Da bazara mukan tsaya duk bayan awa guda ko makamancin haka, inji ya huce, mutane su sha ruwa. Ba a watsa wa inji mai zafi ruwan sanyi. A yashi ana rage iskar taya kaɗan, a shiga da giya ta biyu, a riƙe wuta daidai ba tare da fizga ba, in an hau kwalta a mayar da iskar. Damina kuma ba sai an faɗa wa mutumin ƙasar Katagum ba. A 2024 ambaliya ta yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a nan yankinmu, balle hanyoyin ƙauye da ke bakin kogin Jama'are. Ruwan da ba ka ga wani ya ratsa a ƙafa ba, kada ka shiga. In mashin ya mutu a cikin ruwa kada a yi ta buga kik, ruwan da ya shiga inji ba ya matsuwa, ƙarfe ne zai lanƙwashe. A tura shi tudu, a cire fulogi, a buga har ruwan ya fita, in bakin mai ya koma kalar madara a juye shi a gari na farko. Sannan ba ma son dare ya same mu. Amalanken shanu ba shi da fitila, kuma fitilun nan farare da ake ƙarawa, in ba a saita su ƙasa ba, makantar da na gaba suke yi, shi kuma a kanka zai ƙare.

Saura hular kwano. Manyanmu za su tuna Janairun 2009, lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sa ta, 'yan acaɓa a Kano suka riƙa kifa ƙwarya da robar fenti a ka, duniya ta yi ta dariya. Har yau kallon kayan tsoron jami'i muke yi mata. Mun san uzurin: zafi, da kuma cewa mutum ya sha babbar riga da zanna zai je ɗaurin aure, ina zai kai kwano? Hular a sa ta a leda, in an isa a ɗora. Karayar cinya mun ga an warke. Wanda kansa ya bugi kwalta, mun je dubiyar irinsa, kuma ba ma fatan mu sake.

A zaman da ya wuce an amince da abu uku, mun kuma rubuta. Duk tafiyar da za a yi da sunan ƙungiya, za a kai mashin wajen bakanike tun jajibiri ya duba sarƙa da birki da taya da wayoyin ƙafa, ƙungiya ta biya kuɗin dubawa, mai mashin ya biya kayan da aka canja. Jakar kayan aiki, wato sifanu da filaya da fulogi biyu da kayan faci da famfo da mahaɗin sarƙa da wayar kuloci, za ta zauna wajen ma'aji, kuma mashin ɗin ƙarshe a ayari shi ke ɗauke da ita, ba ya wuce kowa. Dattawa kuma ba za a ba yaran da ba su yi shekara biyu suna tuƙi su goya su ba, ko da 'ya'yansu ne. Wannan na ƙarshen ya jawo 'yar hayaniya, amma Baba shugaba ya tsaya a kai.

Abin da ba a gama ba shi ne maganar hular kwano. Wasu sun ce a ciri kuɗi daga asusun taimako a sayi guda goma a riƙa ba da aro ranar tafiya. Wasu sun ce kuɗin marayu da marasa lafiya ne, kowa ya sayi tasa. Mu dai a namu ganin, kuɗin hula goma bai kai abin da muka fitar a jinya ɗaya ba, kuma littafin yana nan ga mai son dubawa. An ɗage maganar zuwa zaman ƙarshen wata, bayan la'asar, a inda muka saba. 'Yan uwa na Kano da Abuja da ba za su samu zuwa ba, su aiko da ra'ayinsu ta hannun ma'aji kafin ranar.