Mutum-mutumin da ya bi hanyar baƙin haure

Duk ranar 5 ga Agusta, a gaban babban cocin San Salvador, jama'a kan cika fili maƙil. Ana ɗora mutum-mutumin Yesu Almasihu, wanda suke kira Mai Ceton Duniya, a kan wata doguwar hasumiya, sanye da riga ruwan shunayya. Sai a zura shi a hankali cikin wani ƙaton ƙwallo mai siffar duniya, ya ɓace. Jim kaɗan ya sake ɓullowa cikin fararen kaya, fili ya kaure da tafi da kuka. Daga wannan suna na Mai Ceto ne ƙasar El Salvador ta samo nata.

Yaƙin basasar 1980 zuwa 1992 ya kori dubban ɗaruruwan mutane zuwa Amurka, da yawa suka yada zango a unguwar Pico-Union ta Los Angeles. Wanda ba shi da takardu, in ya je gida biki, ya san ba lallai ya dawo ba. Da zuwa ya gagara, a shekarar 2000 suka sa aka sassaƙa musu irin mutum-mutumin nan a can gida, aka sa masa albarka, aka kawo.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda aka kawo shi. Ba a sa shi a jirgi ba. Ta ƙasa aka bi da shi, ta Guatemala da Mekziko, hanyar da su kansu suka ratso da ƙishirwa da fargaba. Ina ganin sun yi daidai. Matar da ta wuni tana goge daɓen gidajen wasu, in ta tsaya gabansa a Agusta, ta san ya taka inda ta taka.

Wannan riƙo da gida ba na 'yan Katolika kaɗai ba ne. Cocin Elim na 'yan Fentikos yana da rassa a Amurka, masu taruwa gida-gida kamar yadda ake yi a San Salvador. In aka yi rasuwa kuwa, akan yi karo-karon mayar da gawa gida, domin kuɗin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Addu'ar kwana tara da 'yan Katolika ke yi wa mamaci, ɗan da ke Washington yakan bi ta ne a waya, bayan ya tashi daga aiki, shi ne kuma ya aika da dalar da aka sayi kofi da burodin masu zaman makoki.