Ciwon ƙin abinci a ƙasar da ta san yunwa

Mu mutanen Bune mun san yunwa farin sani. Sa'o'ina sun ga ta 1973 zuwa 1974, lokacin da shanu suka riƙa zubewa a tsakanin tuddan rairayi. Sun ga ta 1984, da mata suka koma tonon gidan tururuwa suna neman ƙwayar hatsi, ana jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita a samu abin sa wa yara a baki. Sun ga ta 2005, wadda ta biyo bayan fari da farar ɗango. Shi ya sa a wurinmu ƙiba alheri ce. Mace ta zo ganin gida a ce mata "kin yi jiki", mijinta ake yabo. Amarya kuwa dura mata fura da nono ake yi kafin a kai ta. Akwai ma masu sayen ƙwayoyin nan na sha-ka-fashe a tiren ƴan talla, magungunan da aka yi don wasu cututtuka daban, su sha fuska ta kumbura su ce sun yi kyau.

A irin wannan gari, in ka ce akwai ciwon da ke sa yarinya ta ga tuwo ta ja da baya alhali rumbun ubanta cike yake, sai a ce maka wannan na ƴaƴan Nasara ne da ƙoshi ya yi wa yawa. Na ji an faɗi haka, daga bakin masu hankali ma. Ni kuwa a tsakar gidana na yi jinyarsa.

Jikata ce, tana karatun lise a Damagaram, zaune a gidan dangi. Ta zo hutun damina muka ga ta zube. Zanen da take ɗaurawa a da ya koma yana zagaye ta har ya yi saura. Gari ana zufa, ita tana ƙudundune cikin mayafi. Ranar da na zaunar da ita kitso, gashin da ya biyo matsefi ya cika mini tafin hannu. Uwarta ta raɗa mini cewa jinin wata ya ɗauke mata tun da daɗewa. Abin da ya fi ɗaure mana kai, ita ce ta karɓe girkin gidan. Ta tuƙa, ta kwashe, ta zuba wa kowa har da ƙari, in an ce zo ki ci ta ce ta ci a madafa. In an matsa mata sai ta gutsuri loma ƴar mitsitsiya ta yi ta juya ta cikin miya har a tashi. Daga baya muka gane awakin gidan ne ke cinye rabonta. Azumin Litinin da Alhamis kuma ya zama na kullum, maƙwabta suna ta sa mata albarka. Wata safiya na iske ta ta kama fatar cinyarta da yatsa biyu, fata zalla a kan ƙashi, ta ce mini, "Kaka, ki dubi kitse."

Kowa ya kawo tasa. Wannan ya ce iska ce, wancan ya ce sammu, wata ta ce a bincika ko ciki ne, wasu kuma ba su faɗa ba amma ƙanjamau suke nufi. An sha rubutu, an yi hayaƙi. A likita aka auna ta: tarin fuka, ciwon sukari, ƙanjamau, tsutsar ciki, duka babu. Wannan awon wajibi ne, don a ƙasarmu rama ta fi zuwa ta waɗannan hanyoyi. Sai da muka kai ga wani likitan ƙwaƙwalwa a Damagaram, ya keɓe da ita ya yi mata tambayoyin da babu wanda ya taɓa yi mata, sannan ya kira mu ya ce anoreksiya ce: ciwo ne da mai shi ke hana kansa abinci saboda tsananin tsoron ƙiba ko son mallakar jikinsa, har idonsa ya daina ganin ramar da kowa ke gani.

Tsohuwar malamar lakwal ce ni, Faransancina bai gudu ba, sai na shiga neman abin da aka rubuta. Ashe ciwon ya girmi talabijin da salula nesa ba kusa ba. Tun 1873 likitoci biyu, William Gull a Landan da Charles Lasègue a Paris, suka siffanta shi, kowa a nasa ɓangaren. Kuma bai tsaya a Turai ba. A 2004 an wallafa wani bincike da aka yi a arewa maso gabashin Gana kan ƴan mata 668 na sakandare. Aka sami goma da suka rame ƙwarai saboda hana kansu abinci, kuma ba tsoron ƙiba suka ambata ba, ibada da horar da kai suka ce suna yi. Wannan ya tsaya mini a rai, don a Bune ma ta ƙofar azumi ciwon ya fi samun wurin ɓuya, inda babu mai ƙarfin halin cewa yarinya ta bari.

Hotuna ma suna da nasu laifin. A wani yanki na tsibirin Fiji, inda su ma cikar jiki suke yabo, talabijin ta shiga a 1995. Wata mai bincike, Anne Becker, ta tambayi ƴan matan makaranta a shekarar, ba ta sami ko ɗaya mai jawo amai don ta rame ba. Da ta koma a 1998, kimanin 11 cikin 100 suna yi. Yau salular da ke hannun ƴar lise ta fi waccan talabijin nuna sirara sau dubu. Amma ban ɗora wa salula duka ba. Akwai gado a ciki, akwai halin yarinyar da ba ta yarda ta zo ta biyu a aji, akwai kewar gida, akwai gorin da wata ta yi mata a ɗakin kwana wanda mu muka manta ita ba ta manta ba.

Abin da likitan ya fara gaya mana shi ne maganin farko abinci ne, nasiha ta biyo baya. Nan take na fahimce shi, don na ga abin da yunwa ke yi wa hali. A 1984 mutanen kirki sun koma masu faɗa a kan ludayin kunu, hira duk ta koma ta abinci, wasu suka daina fita gaisuwa. An gwada wannan da gangan a Minnesota ta Amurka a 1944 zuwa 1945, ƙarƙashin Ancel Keys: maza 36 lafiyayyu suka yarda aka rage musu abinci kusan rabi har wata shida. Suka zama masu ƙunci, masu gudun mutane, wasu suna tara littattafan girki, da aka sake su kuma wasu suka kasa tsayar da ci. Wato da yawa daga abin da muke kira taurin kan jikata, yunwar ce kanta ke magana. Ƙwaƙwalwar da ba ta ƙoshi ba ba ta jin wa'azi. Ubanta ya ɗauko bulala wata rana, kakanta ya karɓe. Da an dake ta da sai dai ta ƙara ƙwarewa wajen ɓoyo.

Abu na biyu ma mun riga mun koye shi daga yara masu tamowa. Duk uwar da ta taɓa kwana a ɗakin tamowa ta san ba a fara wa yaron da ya ƙanjame da abinci mai nauyi. Madarar F-75 ake ba shi kaɗan-kaɗan kafin a kai ga mai ƙarfi. Haka babba. Jikin da ya daɗe da yunwa in aka cika shi farat ɗaya, gishirin jini na iya rikicewa har zuciya ta tsaya. Don haka makonnin farko a ƙarƙashin idon likita aka yi su, ba mu bi masu cewa a danne ta a yi mata ɗura ba.

Sauran aikin a gida ne. A asibitin Maudsley na Landan aka tsara hanyar da iyaye ke karɓar ragamar ciyar da yarinya har ta farfaɗo, ba tare da neman mai laifi ba, kuma ita aka fi samun nasara da ita ga masu ƙananan shekaru. Mu da muke ci a kwano ɗaya sai muka ga al'adar tamu tana rufa wa ciwon asiri, don hannu biyar a akushi babu mai sanin lomar kowa. Muka ware mata kwanonta. Ina zama kusa da ita, ba faɗa ba roƙo, ina tsinkar zogale ina ba ta labarin mutanen da, har ta gama, ko da tuwon ya huce ya yi tauri. Wani lokaci tana ci tana kuka. Muka hana baƙi ce mata "kin fara yin jiki", don gaisuwar da ke faranta wa kowa rai ita tana hana ta cin abincin dare. Limamin unguwarmu, Allah ya saka masa, ya zaunar da ita ya bayyana mata cewa an ɗauke wa marar lafiya azumi, kuma Annabi (SAW) ya hana haɗa kwanaki ana azumi babu buɗa baki. Ta karɓa daga gare shi fiye da yadda za ta karɓa daga gare mu.

Muna murna ta fara ci, sai ciwon ya sake kama. Cikin dare ta cinye sauran tuwo da dabino da duk abin da ta samu, cikin gaggawa, sannan ta zagaya bayan darni da buta ta sa yatsa a maƙogwaro. Wannan ita ce bulimiya, wadda likita Gerald Russell ya siffanta a 1979. Ta fi ƴar'uwarta iya ɓuya, don mai ita sau da yawa jikinta daidai yake, babu rama. Sai dai ka lura da kanta a bayan yatsu inda haƙori ke gurza, da kumburi a gefen muƙamuƙi, da haƙoran da ruwan ciki ya cinye, da yawan shan maganin wankin ciki. Kunya ce abincinta. Gimbiya Diana ta Ingila ta yi shekaru da ita kafin ta faɗa da bakinta a hirar BBC a 1995. Abin da ya taimaki jikata shi ne cin abinci a kan lokaci, sau uku da ɗan abin taɓawa a tsakani don kada yunwa ta taru, da zama da ita bayan ci har sha'awar aman ta wuce, da ganawa da likitan a kai a kai tana faɗa masa abin da ba ta iya faɗa mana.

Warkewar irin yasar rijiyar kwari ce: ka kwashe rairayi yau, iska ta mayar da rabi gobe, ka sake sauka. Amma ana warkewa. Likitocin Boston sun bi wasu mata masu waɗannan cututtuka har shekara 22, suka fitar da sakamako a 2017: kusan kashi biyu cikin uku sun warke. A shekara ta tara, masu anoreksiya da suka warke ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba, wato rabin waɗanda suka tsira sai daga baya suka tsira. Ban ɓoye ɗaya gefen ba: anoreksiya tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa. Mawaƙiyar Amurka Karen Carpenter tana da shekara 32 zuciyarta ta tsaya a 1983. Tawa ta koma karatu bayan ta rasa shekara guda, jininta ya dawo, yau tana goye da ɗa. Har yanzu in hankalinta ya tashi cinta ne ke fara raguwa, ta sani, mijinta ma ya sani, ba sa jira abin ya yi nisa.

Ku da kuke riƙon ƴaƴan mutane ƴan makaranta a Gure da Damagaram, da ku malaman lakwal, ku ne kuke ganinsu kullum, mu sai hutu. In yarinya ta fara cewa ta ci a madafa, ko tana tashi zagayawa da zarar an gama ci, ku ja ta gefe ku tambaye ta a hankali, ba a gaban mutane ba, samari ma kada ku cire su. Ku kai ta likita a auna, in ba a sami komai ba ku nemi a tura ku wurin likitan ƙwaƙwalwa. Wadda kuwa ta fara suma, ko zuciyarta na bugawa ba daidai ba, ko aka ga jini a amanta, a nemi mota a daren, kada a jira safiya.