Kati da Tsabar Kuɗi

Jama'a, na sha jin masana suna cewa katin banki zai kashe tsabar kuɗi. Abin da na gani a ƙasarmu ta Batsari da Safana ya sha bamban. Lalle katin ya rage mana ɗaukar damin kuɗi a hanyar da 'yan fashi ke tare mutane, wannan kuwa babban alheri ne. Amma akasarinmu da shi muke ciro kuɗi wurin mai POS, mu biya lada, sa'an nan mu shiga kasuwa, gama mai gero ya fi son ya ƙirga a hannunsa.

Sau biyu muka ga iyakar katin. A 2021 aka katse layukan waya don yaƙi da 'yan bindiga, na'urorin suka yi tsit. A farkon 2023 kuwa, bayan Babban Banki ya canja takardun naira, tsaba ta yi wuya, har manomi ya karyar da hatsinsa don kuɗin cefane.

To, 'yan'uwa, ku riƙe kati, ku asirta lambarsa, amma kada aljihu ya bushe. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.