Inda Ruwa Ya Kai

Mahaifina masunci ne. Yana cikin dubban mutanen da aka tayar daga tsibiransu sa'ad da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shanye gonaki da gidaje. Ina yaro, idan za mu ƙetare tafki, ba ya ƙirga buhunan da ke cikin jirgi. Sai ya leƙa gefe ya ga inda ruwa ya kai. In tazarar da ta rage ba ta kai tafin hannu ba, sai ya sa a sauke kaya, kome magiyar mai su. Mu mutanen wannan yanki mun san abin da lodi yake haifarwa. Ba mu manta da jirgin da ya nutse kusa da Wara a watan Mayu na 2021 ba.

Ni ban gaji sana'arsa ba. Na zama jami'in kula da ma'aikata a wani ofishi a Yelwa. Hutu, ƙarin girma, canjin wurin aiki, takardun fansho, duka sai sun bi ta teburina. Ina alfahari da cewa babu fayil da yake fita sai da sa hannuna. Nakan riga kowa zuwa, kowa ya riga ni tashi, waya kuma ta bi ni har kan tabarmar cin abinci.

A wani makon tantance ma'aikata, masinjanmu, dattijo daga ƙasar Ngaski, ya tsaya a ƙofata. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ina da 'yar magana." Ban ɗaga kai ba, na ce ya dawo gobe. Ya dawo, na sake cewa gobe. A rana ta uku sai na ga kujerarsa babu kowa. Ashe hutun kwana biyu yake nema, domin matarsa tana kwance a gida. Ta rasu kafin ya isa.

Da na je gaisuwa, na rasa bakin magana. Shi ne ya riƙe hannuna ya ce, "Ba kome, yallaɓai, na ga aiki ya yi maka yawa." Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

A daren nan ne, ina duba saƙonni lokacin addu'ar iyali, ƙaramar 'yata ta ce, "Baba, kullum sai ka ce 'to', amma ba ka jin abin da na faɗa." Nan na gane laifin ɗaya ne. Ina tsammani iyalina nake tauyewa domin in cika wa ma'aikata, ashe dukansu nake tauyewa. Hankalin mutum ɗaya ne. Wanda ya saba sauraron 'yarsa da rabin kunne, da rabin kunnen zai saurari masinjansa.

Sai na koma ga Littafin Fitowa, sura 18. Musa yana zaune yana yi wa jama'a shari'a tun safe har yamma, suna tsaye kewaye da shi. Surukinsa Yetro bai yaba masa ba. Ya nuna masa cewa zai gajiyar da kansa, ya gajiyar da jama'ar kuma, ya ba shi shawara ya naɗa amintattun mutane bisa dubu dubu, ɗari ɗari, hamsin hamsin da goma goma. Abin da ya taɓa ni shi ne mutanen da suke tsaye. Gajiyar shugaba ba tasa ba ce shi kaɗai. Akwai mai jira a bakin ƙofa yana biyan kuɗinta.

Na fara sauke kaya. Na ba mataimakana biyu ikon amincewa da gajeren hutu. In mutum ya shigo, nakan rufe fayil, in kife waya, in dubi fuskarsa. Da ƙarfe bakwai na yamma wayar aiki takan shiga aljihun tebur, ran Lahadi kuwa ba ta fitowa. Ba a banza na samu wannan ba: sau ɗaya jerin sunaye ya makara, aka aiko mini da takardar neman bahasi. Na amsa ta, ban yi da-na-sani ba. Takarda tana jiran gobe, mai numfashi ba lalle ya jira ba.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ko shugaban ofishi ne kai, ko shugabar zumuntar mata ce ke, kada mu tsaya ƙirga yawan abin da muka ɗauko. Mu leƙa mu ga inda ruwa ya kai, mu kuma tambayi kanmu wa yake tsaye a ƙofa.

Ya Ubangiji, kai da ba ka taɓa ce mana mu dawo gobe ba, ka koya mana ɗaga kai. Amin.