In Kin Ga Kare Yana Shinshina Takalmi

'Yan'uwana matan aure, da ku 'yan mata na makaranta, makon nan maganar kare na kawo muku. Na san wasunku za su yamutsa fuska su ce, ina ruwan mace da kare? To, ai maigida ne ke kawo shi, yara su yi ta murna kwana biyu, sa'an nan kowa ya kama gabansa, wannan kasuwa, wancan makaranta. Wa aka bari da shi a gida wuni zubur? Ke ce. Kuma in ya yi ɓarna, kayanki ne zai ɓata.

Mu gidanmu a bakin gari yake, muna da awaki da ɗan lambu a bayan katanga. Da aka yi ta sace wa maƙwabta dabbobi, sai maigida ya ce zai karɓo kwikwiyo wurin wani maharbi abokinsa. Na ce masa, "Malam, na yarda, amma a bar shi wurin uwarsa sai ya cika mako 8, ni kuma a ba ni kwana uku in shirya masa wuri." Ya yi dariya, ya ce sai ka ce amarya za a kawo. Amma dalilina shi ne, a wurin uwa da 'yan'uwansa ɗan kare ke koyon sassauta cizo. In ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi wajen wasa, wancan ya yi ƙara ya daina wasan, da haka yake gane iyaka. Wanda aka raba da uwarsa tun yana mako 4 bai sami wannan karatu ba, a hannun 'ya'yanki zai ƙarasa shi.

Wurin da na zaɓa can kusa da turken awaki ne, nesa da madafa, nesa da randa. Aka kafa 'yar rumfa domin rana da ruwan sama, aka shimfiɗa tsohon buhu, aka kewaye da kara mai ƙwari. Na ware masa kasko biyu, ɗaya na abinci ɗaya na ruwa, ba a haɗa su da kwanukan gida ko wajen wanki. Hadisi ya ce in kare ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau bakwai, kuma ya ambaci karen farauta da na kiwo da na gona cikin waɗanda aka yarda a ajiye. Sauran bayani na malamai ne. Ni dai abin da na gani, mace ba ta son wankin nan sau bakwai kullum, saboda haka tun ran farko buta da darduma da ƙwaryar sha suka koma inda bakinsa ba ya kai wa. Ɗaki kuwa, ko da wasa ba a koya masa shiga ba, domin abin da kika yarje wa kwikwiyo yau, babban kare zai neme shi gobe.

Sa'an nan na durƙusa na bi tsakar gida da ido daidai tsayinsa. Ku gwada, za ku yi mamakin abin da ke zube a ƙasa. Akwai shinkafar ɓera da aka zuba a bayan buhunan hatsi, akwai kwalbar fiya-fiya a gindin bango, akwai wayar caji tana lilo daga taga, ga allurar ɗinki cikin tsumma. Kowane ɗaya cikin waɗannan yana iya kashe shi, wayar lantarki kuwa har gobara tana iya jawowa. Akwai kuma abincinmu da ba nasa ba. Albasa da tafarnuwa suna lalata masa jini ko an dafa su, saboda haka sauran miya mai albasa da yawa ba alheri ba ne gare shi. Cakulan da yara ke saye guba ne ga kare, haka inabi da busasshensa. Goro ma yana da irin sinadarin da ke cikin cakulan da gahawa, kada a bar shi inda zai tauna. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa kamar tsinke, ya soke maƙogwaro ko hanji.

To, yanzu ga babbar magana, watau tauna. Hausawa sun ce in ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi, kuma ba su yi ƙarya ba. Amma mutane da yawa ba su san dalili ba, sai su ce mugun hali ne, ko an kawo kare marar albarka. Ba haka ba ne. Ɗan kare yana da haƙoran nono 28, masu tsini kamar ƙaya. Wajen wata 3 zuwa 4 sukan fara zuba, manya guda 42 su riƙa tsirowa, ba su kammala sai ya kai wata 6 ko 7. Duk tsawon lokacin nan dasashinsa ƙaiƙayi yake yi da zafi. Ke da kika yi goyo kin san yadda jariri mai haƙori ke kai kome baki. Bambancin kawai, jariri ba ya iya raba muciya biyu.

Namu ya fara da faifai, ya bi da gefen tabarma, ya ci bangon littafin lissafin 'yata. Ranar da abin ya kai maƙura, uwar maigida ta zo mana kwana biyu, ta tuɓe takalmanta na fata a ƙofar ɗaki, yaro kuwa ya bar ƙofar kara a buɗe. Kafin ta idar da salla ƙafa ɗaya ta zama igiya. Maigida ya fusata, ya ɗauki sanda, ya ce yau kare zai bar gidan. Ita ce ta tare shi, ta ce, "Kai, ajiye sandan nan. Kai ma da kana haƙori ludayina nawa ka tauna?" Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, za a sai miki wasu." Ta ce ba kome, amma a ɗaura wa ƙofar nan igiya.

Duka bayan an gama ɓarna ba ya koya wa kare kome. Shi ba ya haɗa sandan yanzu da takalmin ɗazu. Abin da zai koya shi ne tsoron hannun mutum, kare mai tsoro kuwa shi ne mai cizo. In kin kama shi da abu a baki, a daidai lokacin za ki ce "Bari!" da murya ɗaya, ki karɓe, ki miƙa masa nasa abin taunar, in ya kama ki yaba masa. Kada a bi shi da gudu ana ihu, domin a wurinsa wannan wasa ne mai daɗi, gobe ma zai ɗauko wani abin don a sake.

Abin taunar ba sai an kashe kuɗi ba. Na tufka masa igiyar rama mai kauri na ƙulla ta gaɓa-gaɓa. Na kan jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan randa mai sanyi in ƙulle shi, sanyin yana kwantar masa da dasashi, amma in ya fara yagewa sai in ɗauke, kada ya haɗiye zare. Mahauci yakan ba mu babban ƙashin saniya ɗanye, wanda ya fi ƙarfin bakinsa, a ba shi ana kallo, a ɗauke kafin ya yi wari. Abu ɗaya da na hana shi ne tsohon silifa. Maƙwabciyata ta ba nata karen don ya bar sababbi, ga shi har yau baƙi a hannu suke riƙe takalmansu in sun shiga gidanta. Ina kare zai san tsoho da sabo? Ƙafafun kujera da turmi kuwa na shafa musu ruwan ganyen darbejiya, ɗacin ya kore shi. Barkono ban yarda da shi ba, yana shiga ido.

Wani abin kuma, kwikwiyon da aka ɗaure tun safe har dare dole ya yi ɓarna, ko ya yi ta haushi ya hana unguwa barci. Da yamma in yara sun dawo sukan fita da shi bayan gida ya yi guje-guje. In ya gaji, barci yake yi. Na kuma gargaɗe su kada su sa masa hannu ko ƙafa a baki da sunan wasa. In haƙori ya taɓa fata, a janye hannu a juya masa baya.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi takalmi. Ciwon haukan kare, in alamunsa suka bayyana a jikin mutum, kusan ba a tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, yawanci a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma kamar 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kwikwiyo ma yana iya ɗaukarsa, ƙanƙantarsa ba kariya ba ce. Ga shi kuwa rigakafin ya daɗe a duniya: tun 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro allurar a Faransa ya tsira, kuma a nan gida cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yin ta karnuka. Da namu ya cika wata 3 aka kai shi asibitin dabbobi aka yi masa, aka ba shi maganin tsutsar ciki, aka ba mu kati mai ranar komawa. Katin yana cikin akwatina tare da na rigakafin yara. Kashinsa kuwa kowace safiya a kwashe a binne, domin ƙwan tsutsa yana shiga cikin yaro mai rarrafe.

In kare ya ciji ɗanki ko ya yakushe shi, naku ne ko na waje, ki wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, sa'an nan a tafi asibiti ran nan, ba gobe ba. Ƙona gashin karen a shafa a miki, yadda wasu ke yi, ba ya hana kome. In karen na gida ne a tsare shi kwana 10 ana duban halinsa, amma ba a jiran kwanakin su cika kafin a ga likita.

Namu yanzu watansa 9. Haƙora sun gama fitowa, taunar ta ragu ƙwarai, ko da yake in ya ga tsintsiya a yashe har yanzu ba ya ƙyale ta. Ku 'yan makaranta, jaka da littafi a rataye su a ƙusa, ba a bakin ƙofa ba.